Darasi na Goma Sha Biyu: Kula da Hujin Kunne

Huda kunne tsohuwar al'ada ce a Nijeriya. A ƙasar Hausa akan huda wa yarinya kunne tun tana jaririya. A da, wata tsohuwa ce ke yin aikin da allura, ta bar zare a ciki don kada hujin ya toshe. Idan ya warke sai a cire zaren, a sa mata 'yan kunne. Wasu matan kuma sukan huda hanci saboda ado.

Abin da ya kamata a sani shi ne, sabon huji miki ne. Fata ita ce garkuwar jiki, da zarar an huda ta an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Saboda haka kulawa tana farawa tun kafin a yi hujin. Dole ne mai hudawa ya wanke hannuwansa, ya kuma yi aiki da sabuwar allura. Allurar da aka huda wani da ita tana iya yaɗa ciwon hanta ko ƙanjamau.

Bayan an yi hujin, a riƙa wanke wurin sau biyu a rana. A tafasa ruwa kofi ɗaya, a zuba gishiri rubu'in ƙaramin cokali, a bari ya huce. A jiƙa auduga mai tsabta a goge gaba da bayan kunnen a hankali, sannan a tsane shi. Kada a taɓa wurin da hannu mai datti, kada a ɓamɓare ɓawon da ya bushe a bakin hujin. Haka kuma ba a shafa toka ko kananzir ko man kitso, domin suna ƙara wa mikin rauni.

Warkewa tana son haƙuri. Ƙasan kunne, inda nama yake da taushi, yakan warke cikin mako 6 zuwa 8. Amma saman kunne guringuntsi ne, jini ba ya isa can sosai, shi ya sa yakan ɗauki watanni. Wadda ta yi gaggawar cire ɗan kunne kafin lokaci, hujinta yana iya toshewa.

Ba kowane ɗan kunne ne ke dacewa da kowace fata ba. Masu araha da yawa suna ɗauke da wani ƙarfe mai suna nikel, wanda ke sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Zinariya mai kyau ta fi sauƙi a fata. Akwai kuma waɗanda mikinsu kan bar tabo mai tudu, ya yi ta girma har ya wuce inda aka huda. Irin wannan tabo ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata. Duk wanda ya san jikinsa yana yin haka, gara ya haƙura da ƙarin huji.

Ɗan ja da ɗan zafi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan kunne ya kumbura, yana zogi, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sai an kula da huji ya warke lafiya ne kwalliya take biyan kuɗin sabulu.

Sababbin Kalmomi

Huji: ƙaramar kafa da aka yi da abu mai tsini.
Miki: ciwon da bai warke ba.
Guringuntsi: ƙashi mai laushi.
Mugunya: ruwa mai kauri da ke fita daga ciwon da ya ruru.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake barin zare a cikin sabon huji?
2. Wane haɗari ke cikin amfani da tsohuwar allura?
3. Yaya ake haɗa ruwan wanke huji?
4. Faɗi alamu uku da ke nuna a je asibiti.

Aiki

Rubuta jimloli biyar a kan yadda ake huda kunne a garinku.