Amsar Tambaya: Yaya Za Mu Sa Majalisa Ta Ware Kuɗin Yaƙi da Tamowa?

Ku fara da lura da lokaci: gwamna kan kai kasafin kuɗi majalisar jiha wajen ƙarshen shekara, sai kwamitoci su zauna da ma'aikatu. A nan ƙungiyarku za ta sa baki, tun ba a amince ba.

Ku je asibitin unguwarku, ku tambayi yara nawa ne awon damtse ya nuna ja, wato alamar tamowa, a wannan wata, kuma katan nawa na abincin tamowa ya rage. Ku rubuta a takarda ɗaya, ku kai wa wakilinku hannu da hannu, da kwafi ga shugaban kwamitin lafiya. Ku tuna musu UNICEF na da asusun da kan ƙara kwatankwacin abin da jiha ta zuba. In an amince, ku bi sawun sakin kuɗin, don a nan aka fi maƙalewa.