Jini Zai Iya Ba Da Labarin Ƙwaƙwalwa?

Mu ƙaddara wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Illela, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma iri biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. Maganin da ke narkar da gudan jini yakan ceci mai toshewa in an ba shi cikin awa huɗu da rabi, amma yana iya halaka wanda jijiyarsa ta fashe. Hoton na'urar CT ke rarrabe su, ga shi kuwa Asibitin Koyarwa na Sakkwato ya ɗara kilomita 80 daga Illela.

Shi ya sa masana suka juya ga jini. Akwai wasu ƙananan zarurruka da ake kira maikro-RNA, waɗanda aka gano a 1993 cikin wata 'yar tsutsa, aikin da ya jawo wa Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024. Irinsu guda, miR-124, ya fi yawa a ƙwaƙwalwa. In ƙwayoyinta suka lalace, adadinsa cikin jini yakan sauya. Awon nan yana ɗakin bincike tukuna. Kafin ya iso asibitocinmu, wanda bakinsa ya karkace a nema masa mota nan take.