Doguwar kwana da ƙishin baƙin mai a injin motar tsere

Motar da ta yi shekara da shekaru tana yawo a kan titi lafiya ƙalau tana iya buga inji a wuni guda a filin tsere, a zaro sandar awo kuma a tarar da baƙin mai cike. Man yana nan, inda ya kwanta ne ya sauya. Galibin motoci a kaskon da ke ƙasan inji suke tara mansu, famfo yana zuƙo shi ta bututu guda mai bakin raga. Da mota ta shiga kwana da gudu sai man ya karkata waje guda, kamar ruwa a kwanon da aka jirkita. Idan ƙarfin da ke jan motar gefe ya kai daidai ƙarfin da ƙasa ke janta, fuskar man takan karkace da digiri 45, kuma tayoyin tsere na yau suna kai mota wannan matsayi ba wuya. Ga shi kuma inji yana juyi da sauri, famfo ya tura mai da yawa sama, man bai gama gangarowa ba, abin da ya rage a kasko ya ragu. Nan ne bakin bututun ke fitowa fili ya zuƙi iska.

Gajeriyar kwana ba ta cika yin ɓarna ba, don kafin man ya gama gudu mota ta miƙe. Doguwar ce abin tsoro, irin Pouhon ta filin Spa a Beljiyam, ko kwana ta 8 a filin Istanbul na Turkiyya, inda mota ke daɗewa a jingine gefe guda direba na taka totur. Ƙarfen karankshaf ba ya taɓa mazauninsa, yana shawagi ne a kan fatar mai wadda gashin kai ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Injin da ke juyi 7,000 a minti yana zagayawa sau 117 a kowace daƙiƙa, saboda haka yankewar mai ta daƙiƙa biyu na nufin ƙarfe ya goga ƙarfe fiye da sau 200 a ƙarƙashin cikakken nauyi. Mazaunin sandunan fistin ne ke fara ci. Sau da yawa injin ba ya mutuwa nan take, zagaye bayan zagaye yake cinyewa har ranar da aka ji ƙwanƙwasa.

Shawarata ita ce duk wanda zai ƙara wa motarsa riƙon ƙasa, ya fara da kaskon mai kafin ya sayi taya. Wani zai ce ai kamfani ya gwada motar kafin ya sayar. Ya gwada, amma da tayoyin da ya ɗaura mata, kuma ko hakan ba kullum yake wadatarwa ba. Masu Toyota GR86 da Subaru BRZ da suka fito a 2022 sun yi ta nuna yadda matsin mai ke faɗuwa a kwanar dama. Injin M96 da Porsche ya sa wa Boxster da 911 daga ƙarshen shekarun 1990 shi ma ya yi suna da wannan larura idan aka ɗaura masa tayoyin tsere, alhali 911 GT3 na zamanin, mai tankin mai na daban, bai san ta ba.

Kada a dogara da jar fitilar mai da ke gaban direba. A motoci da yawa ba ta kamawa sai matsi ya sauka ƙasa da rabin bar (ma'aunin matsi), alhali tsohuwar ƙa'idar makanikan tsere ita ce inji na son kimanin bar 0.7 a kowane juyi 1,000. Kafin ta kama, aikin gama ya gama. Agogon matsi ma bai isa ba, don wanda ke tsakiyar kwana idonsa na kan hanya. Abin da ya dace shi ne na'urar auna matsi mai ajiye bayani sau da yawa a daƙiƙa, a zauna bayan an fito a duba a wace kwana matsin ya faɗi, ya kai nawa, ya daɗe nawa. Wannan ne zai faɗa wa mai mota girman maganin da yake bukata.

Akwai masu ganin mai mai kauri ko mai tsada zai raba gardama. Mai nagari yana jure zafi, kuma idan zafinsa yana haura digiri 130 lallai a sa masa na'urar sanyaya. Amma famfon da ke zuƙar iska bai damu da sunan da ke jikin galan ba. Wasu kuma sukan ce a cika mai ya wuce layi. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, domin littafin Corvette C5 da kansa ya umarci mai tsere ya ƙara kusan lita 1 a kan layin sama. Sai dai umarnin na wannan injin ne. A wani injin, man da ya yi yawa yakan taɓo karankshaf, ya kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce ta shigo ta wata ƙofa. A bi littafin motar. Idan bai ce komai ba, a tsaya daidai layin sama, a riƙa dubawa duk lokacin da aka fito daga fili, don inji na shan mai a tsere fiye da yadda yake sha a gari.

Gyara mafi araha mai amfani shi ne kasko mai shinge a ciki, da ƙananan ƙofofi masu buɗewa ta fuska ɗaya, suna barin mai ya shigo wurin bututu su hana shi fita. Tunda an kwance kaskon, a duba bututun ko ya tsage, kamar yadda aka sha gani a injinan EJ na Subaru, a kuma cire duk ɓarɓashin gam da ya toshe ragar. Idan har yanzu matsi na faɗuwa, sai a ƙara tulun ajiya irin Accusump, wanda ke riƙe kusan lita 1 zuwa 3 a matse ya sake shi da zarar matsi ya sauka. Daƙiƙu kaɗan yake sayo wa inji, kuma sai ya sake cika kafin kwana ta gaba.

Maganin da ke tumɓuke matsalar shi ne busasshen kasko: famfuna su kwashe man daga ƙasan inji su zuba shi a dogon tanki na daban, inda komai karkatar mota bakin bututu na nutse. Shi Chevrolet ya sa wa Corvette Z06 a 2006, ya kuma mayar da shi na kowace Corvette C8 daga 2020. Yana da tsada, yana cin wuri, kuma wanda ke zuwa fili jefi-jefi da tayoyin titi ba lallai ya bukace shi ba. Amma motar da aka ɗaura wa tayoyin tsere marasa zane, bayanan na'urarta kuma suka nuna matsi na faɗuwa duk da shinge da tulu, zaɓin mai ita biyu ne: ya sa busasshen kasko, ko ya koma kan tayoyin da ba su kai waɗannan riƙo ba.