Minshari: wane ne zai taɓa makogwaro?

Jama'ar Dakoro, mun saba yi wa mai minshari dariya. To, wani minsharin ciwo ne.

Idan mutum ya yi barci, naman makogwaronsa yakan saki, hanyar iska ta matse. Iska tana wucewa da ƙyar, naman yana kaɗawa. Ƙarar da muke ji ke nan. Wani lokaci hanyar takan toshe gaba ɗaya. Sai ka ji minshari ya yanke, shiru, daƙiƙa 10 ko fiye. Can sai mutum ya zabura ya ja iska kamar wanda aka shaƙe. Haka zai yi ta yi har asuba, bai sani ba. Matarsa ce ta sani, ita za a tambaya.

Mai wannan ciwo yakan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Yana iya kamuwa da hawan jini. In direba ne a kan hanyar Maradi, ran mutane yana cikin haɗari.

Likita ba ya farawa da wuƙa. Zai ce mai ƙiba ya rage jiki, a bar taba da giya, a kwanta a gefe, ban da rigingine. Akwai kuma na'ura mai hura iska ta hanci. Wani likita, Colin Sullivan, ya fito da ita a Ostireliya a 1981, amma tana son lantarki ko batir kowane dare.

In yaro ne mai barci baki buɗe, sau da yawa naman da ke gefe biyu na makogwaro da na bayan hanci ne ya yi girma. Likitan kunne, hanci da makogwaro yakan cire shi, yara da yawa su samu sauƙi. Ga manya, akan rage beli da naman ganɗa mai laushi. Wannan aiki ba kowa yake warkarwa ba, shi ya sa sai an auna mutum tukuna.

Wani zai ce: "Ai wanzami ma yana cire beli." Ba ɗaya ba ne. A asibiti ana sa mutum barci, ana dafa kayan aiki, ana tsai da jini. Askar da ta shiga bakin yara da yawa tana iya kawo sandarewar jiki ko ciwon hanta, jini kuma ya ƙi tsayawa.

A fara da ɗakin shan magani na kusa, ko asibitin Dakoro. In abin na aiki ne, su za su ba da takardar zuwa Maradi ko Yamai.