MU KOYA WA YARA SANIN KUƊI DA ƘIDAYAR CANJI

A garuruwanmu yaro kan fara riƙe kuɗi tun yana da shekara 6 ko 7. A aike shi sayen sabuni, a ɗora wa ƴar uwarsa tallan gujiya ko dafaffen zogala. In kuɗi suka yi giɓi da marece sai a kama faɗa, alhali ba wanda ya taɓa zama ya koya musu.

Babbar wahalar ita ce: lambar da ke bisa kuɗin dabam, sunan da muke kiran su dabam. Banki yana rubuta tamma, wato faran na sefa, mu kuwa da dala muke lissafi, kuma dala guda tamma 5 ce. Mai lamba 5 ita ce dala guda. Mai 10 dala biyu, mai 25 dala biyar. Waɗannan uku jajaye ne. Farare su ne mai 50, dala goma, da mai 100, dala ashirin. Yaron da ya fara lakwal, in ya ga 5 sai ya ce dala biyar, shi kuwa gaskiyarsa ce, abin da ya karanta ke nan. Nan ne macuta ke samun ƙofa.

Ga dabara mai sauƙi, har mu manya za ta yi mana amfani. A ninka lambar sau biyu, a jefar da sifilin ƙarshe. 25 sau biyu 50, a cire sifili, saura 5: dala biyar. In an rubuta 750 bisa takardar magani, sau biyu 1500 ke nan, wato dala 150. Haka mutum zai san abin da zai biya tun kafin ya miƙa hannu.

Wajen canji, kada mu sa yaro ya yi ɗebewa a ka. Ya fara daga kuɗin kaya, ya yi ta ƙarawa har ya kai abin da aka ba shi. Misali, an sayi ƙwai na dala 35, an ba da dala ɗari. Ya aje dala biyar ya ce arba'in, ya aje dala goma ya ce hamsin, sa'an nan ya cika hamsin ya ce ɗari. Canji dala 65. Kuɗin mai saye kuma su tsaya a fili bisa faifai har a gama, don kada ya ce jika ya bayar.

A yi wannan koyo bisa tabarma da kuɗi na gaske, ana wasan kasuwa da ƴan duwatsu. Amma a nisantar da ƙananan da ke rarrafe, don suna sa kuɗi a baki, suna iya shaƙe su. Bayan wasa kowa ya wanke hannu da sabuni.

Ku gwada wannan da yaranku yau: gishiri na dala 12, an ba da dala ashirin. Nawa ne canji, kuma da waɗanne kuɗi za a biya shi?