Kafin a Bi Tsohon Layin Dogo ko Hanyar Hafir

Da damina ta ɗauke a Gadarif, samari kan fita yawo bayan gari. Wasu su bi tsohon layin dogon da ya iso daga Kasala a 1928, wasu su nufi hafir, tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne kaiwa magariba a can.

Jihar Gadarif na cikin wuraren da cutar kalazar ta fi kamari a Sudan. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake yaɗa ta. Yana fakewa a tsagewar baƙar ƙasa da gindin aduwa da dushe, rana na faɗuwa ya fito cizo. Don haka mai yawo ya fita da sanyin safiya, ya juyo kafin la'asar sakaliya, da riga mai dogon hannu. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ga rama da kumburin saifa, na asibiti ne.

Ruwan hafir kuwa a bar shi. Bakinsa laka ce mai riƙe ƙafa, kuma wanka a ruwan kwance na jawo tsargiya. A tafi da ruwan sha daga gida.

Silifa ba ta wannan tafiya ba ce: macizai na kwanciya a ciyawar da ta rufe layin. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 shingayen bincike sun yawaita, don haka kowa ya riƙe katin shaidarsa, ya kuma faɗa wa na gida inda ya nufa.