Giwan Ruwa da Sauran Kifayen Binuwai: Wanne Ya Dace da Tukunya?

Garin Lafiya ba a bakin babban kogi yake ba. Binuwai yana can kudu, kuma daga Lafiya zuwa gadar Makurɗi tafiyar kusan kilomita 100 ce. Garuruwan masunta na Jihar Nasarawa, irin su Tunga a ƙaramar hukumar Awe, da Loko a ƙaramar hukumar Nasarawa, da Umaisha a ƙaramar hukumar Toto, duk sai an ci hanya kafin a kai. Abin da ke kusa shi ne madatsar ruwa ta Doma, da kogin Mada, da ƙananan rafuka da tafkuna, sai kuma kududdufan masu kiwo. Mai sayen kifi a Lafiya ya riƙe wannan nisa a ransa, don kifi ba doya ba ne da za a jibge a ɗaki wata guda. Tun daga lokacin da ya bar ruwa yake fara lalacewa, kuma wani ya fi wani sauri.

Idan ana zancen kifin ruwan daɗi, giwan ruwa ake fara ambata. Kifi ne mai ɓawo fari kamar azurfa, da faffaɗan baki, da baƙin ido mai zoben rawaya. Asalinsa ɗan kogin Kwara ne da Binuwai da tafkin Chadi da kogin Nilu. A Nijar da Mali, masu jin Faransanci suna ce masa kapitan. Yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin wannan ba kullum ake gani ba. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, galibi shi ne ke cin gasa. Kifin da ya zo na ɗaya a bikin 2020 ya kai kilo 78.

Ba girman ne ya sa masu abinci ke son sa ba. Tsokar ce. Fara ce tas, mai ƙarfi, in ta nuna sai ta riƙa ɓarewa falle-falle. Ƙayarsa manya ce, a tsakiya take da gefen ciki, ba ta bazu cikin tsoka ba. Uwargida za ta iya zare ta da hannu ta miƙa wa yaro ɗan shekara uku ko tsoho mai raunin ido tsokar ba tare da fargaba ba. Ƙarninsa kaɗan ne. Ana soya shi, ana gasa shi, ana sa shi a miyar dage-dage ko ta agushi, a juya da ludayi bai dagargaje ba. Amurkawa suna da wani kifin tafki da suke kira bas, wanda suke yaba wa saboda farar tsoka da ƙarancin ƙaya. Ba ya cikin kogunan Nijeriya, amma duk abin da ake nema a wurinsa giwan ruwa yana da shi, kuma ya ninka shi girma sau da yawa.

To, amma giwan ruwa yana da nasa raunin, kuma a Lafiya raunin yana fitowa fili. Kifi ne mai son ruwa mai wadatar iska. Da an fid da shi, ba ya daɗewa yake mutuwa. Wanda aka kama da asuba a Tunga, in babu ƙanƙara, ya sha rana a bayan mota a watan Maris, kafin la'asar tsokarsa ta fara saki. Tsada kuma ga ta nan: a kan tebur ɗaya, yankansa yakan fi na tarwaɗa kuɗi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abu da masu son babban kaya ba su cika sani ba. Ƙaton giwan ruwa bai kai matsakaici daɗi ba. Yayin da yake girma, kitse yana taruwa a cikinsa, tsokar kuma tana yin gautsi da kauri. Kitsen nan ne ke hana shi bushewa a rana, sai dai a yanka shi gunduwa-gunduwa a yi banda, bandar kuma ta ci itace mai yawa. Ga shi mafarauci ne, abincinsa 'yan'uwansa kifaye. Duk gubar da ke cikin ruwa, musamman zaiba da masu haƙar zinariya ke amfani da ita, tana shiga jikin ƙananan kifi, shi kuma ya haɗiye su shekara da shekaru, gubar tana taruwa a jikinsa. Wannan ya sa masana lafiya a duniya suke ba mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara shawarar su rage cin manyan kifaye masu farauta, su fi karkata ga ƙanana da matsakaita. Ba a ce a daina cin kifi ba. Girman ne abin dubawa. Mafi yawan ƙattin nan kuma mata ne, kowace tana zuba ƙwai miliyoyi, don haka barinsu a kogi riba ce ga masunci kansa.

Labarin cin wannan kifi ya kai har gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka zuba shi a tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace. A garuruwa irin su Mwanza da Kisumu aka kafa masana'antu masu fere tsokarsa ana kaiwa Turai a jirgin sama. Har jakar iskar da ke cikinsa ana busarwa a sayar wa 'yan kasuwar Sin da tsada. A Binuwai kuwa ba baƙo ba ne, tun fil azal yake zaune da maƙwabtansa.

Tarwaɗa ba ta da kwarjinin giwan ruwa. Baƙa ce, mai gashin baki, mai santsi, ba ta da ɓawo. Amma tana da abin da shi ba ya da shi: a cikin kanta akwai wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa take yin awoyi a cikin baho da ɗan ruwa kaɗan tana motsi. Mai saye ya nuna wadda yake so, mai kifi ya danne ta, ya buga mata sanda a ka, ya yanka a gabansa. Babu tambayar yaushe aka kama. Ga mutumin da ke nesa da kogi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa a gidajen Lafiya tarwaɗa ta fi shiga tukunya.

Tana kuma jure kiwo. A kududdufin ƙasa, ko tankin siminti, ko na tamfol a bayan gida, in ta sami abinci mai kyau takan kai kilo 1 cikin wata biyar zuwa shida. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa. A Shabu, kusa da Lafiya, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana da sashen da ake koyar da kiwon kifi.

Tsokar tarwaɗa tana da laushi da maiƙo, ƙayarta ma ba ta da yawa. A farfesu, da citta da masoro da kimba da attaruhu, babu mai ja da ita, kuma a nan giwan ruwa ma sai ya ba ta wuri, don romonsa bai kai nata kauri ba. Laushin nan ne kuma aibinta. In aka juya ta da ludayi sai ta watse, don haka masu iya girki girgiza tukunyar suke yi. Kafin a dafa, a zuba mata ruwan zafi na ɗan lokaci, santsin zai taso fari a kankare shi, tsokar kuma ta ɗan ɗaure. Wasu da gishiri da lemun tsami suke wankewa, wasu da toka. Ta kiwo takan fi ta kogi kitse, wani lokaci kuma takan zo da warin taɓo. Mai kiwon da ya san aikinsa yakan ajiye ta cikin ruwa mai tsabta kwana ɗaya ko biyu ba abinci kafin ya kai kasuwa, warin sai ya ragu.

Karfasa ita ce ta gashi da suya. Tsokarta fara ce mai ɗan zaƙi, ba ta da kitse sosai, don yawancin abincinta gansakuka ne da ganyayen ruwa. In aka tsattsaga gefenta, aka cusa yaji, aka ɗora a kan waya, ko aka soya ta ƙayau aka haɗa da soyayyar doya, ta biya kuɗinta. Sai dai mai saye ya yi lissafi. Idan aka cire kai da ƙaya da hanji da ɓawo, tsokar zalla ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. 'Yar ƙaramar karfasa kuwa aiki ce, tsince-tsince ya fi ci yawa, kuma ƙayoyin bayanta suna da tsini.

Sauran suna da masoyansu. Ƙurungu kai ne ya cinye rabin jikinsa, ga ƙayoyi uku masu kaifi da yake kafewa, waɗanda sai an datse su kafin a taɓa shi da sakaci, amma romonsa ya sa ake yafe masa. Ragon ruwa ba shi da ɓawo, tsokarsa fara ce mai taushi, shi ne mafi kusa da giwan ruwa a wurin mai gudun ƙaya. Yauni dogo ne mai maiƙo da tsada, Yarbawa har cikin kayan aure suke sa shi. Bargi yana da manyan ɓawo da tsoka mai ɗan tauri, ya fi kyau a banda. Tsage da kawara suna da daɗi, amma siraran ƙayoyi sun cika tsokarsu. Kada a ba yaro su sai babba ya tsince. In kuwa ƙaya ta maƙale a wuya ta ƙi fita, a daina tura ta da lomar tuwo, a tafi asibiti.

Wajen gina jiki, bambancin bai kai na farashi ba. Kowane gram 100 na ɗanyar tsokar kifi, ko ta giwan ruwa ko ta karfasa ko ta tarwaɗa, yana ɗauke da kimanin gram 16 zuwa 20 na furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka. Magidancin da kuɗinsa ya tsaya a kan karfasa bai cuci iyalinsa ba. 'Yan mitsi-mitsin kifin nan ma da ake busarwa a daka a zuba a miyar kuka ko ta riɗi, tun da ana cinye su da ƙashi da kai, suna ba da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, wanda mai cin tsokar giwan ruwa zalla ba zai samu kamar haka ba.

A gaban tebur, ido da hanci da yatsa su ne ma'auni. Idon sabon kifi yana da haske, ya ɗan turo waje. Na kwana yakan dushe ya faɗa ciki. A ɗaga murfin kunnensa a duba: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa ko toka-toka mai yauƙi ba. A danna tsokar da yatsa. In ta dawo nan take, lafiya lau. In gurbin yatsan ya zauna, a wuce gaba. Mai kifi zai ce, "Hajiya, na yau ne, yanzu aka sauke." Hajiya kuma tana da ikon cewa, "To Baba, buɗe mini kunnen in gani." Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan. Giwan ruwa da aka riga aka yanka ya fi wuyar ganewa, tun da babu ido babu kunne, don haka a nemi ganin kan, a duba fatar da ɓawonta, a kuma shinshina.

Kifin da aka kama da guba shi ne mafi haɗari. Wasu ɓata-gari suna zuba maganin ƙwari irin Gamalin a ruwa, abin da doka ta hana, kifi ya taso a mace, babba da yaro. In aka ga tulin kifi iri-iri an haɗa har da 'yan jarirai, jikinsu ya yi laushi da wuri, ko ana jin warin magani, kada araha ta ja mutum.

Banda ce hanyar da yawancin kifin Binuwai ke isowa Lafiya, kuma a nan tarwaɗa da bargi sun sha gaban giwan ruwa, don sun fi shi bushewa da jure ajiya. Banda mai kyau tana da nauyi daidai, da ƙamshin hayaƙi, launinta ruwan ƙasa mai duhu, ba baƙi ƙirin na ƙuna ba. A karya ɗaya a duba ciki. Gari yana zuba, ko ƙananan ramuka, alamar ƙwari ce. Fari-fari ko kore-kore alamar fumfuna ce. Tulin da ko ƙuda ɗaya bai sauka a kansa ba, alhali na maƙwabta suna fama, abin tuhuma ne, don wasu suna fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa irin wannan magani a kayan abinci. A gida, a wanke banda da ruwan zafi da gishiri kafin ta shiga miya. Wadda za a ajiye kuma, a sa ta a kwando ko ragar waya inda iska ke ratsawa, ba cikin leda ba. Da damina, lokacin da danshi ya yi yawa a Lafiya, a riƙa mayar da ita kan wuta marar ƙarfi bayan 'yan kwanaki, in rana ta fito kuma a shanya ta a rufe da raga saboda ƙuda.